Sanyin Ɗakin Ƙasa

"Wannan ce za ta iya da zafin fitilun da ke haska shukar taka," in ji mai shagon, yana dafa wata na'urar sanyaya ɗaki. "Me ka shuka, Baba?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru yana yi wa matasan cocinsu faɗa a kan wiwi, yau ga shi a garin Silver Spring na Amurka yana nema wa ganyen sanyi. To amma ciwon daji ya hana matarsa ci da barci, likita kuma ya ce ganyen zai rage mata azaba.

"Magani," ya amsa a hankali.

Ya kafa na'urar a ɗakin da ke ƙarƙashin gidansu, inda zafin Yuli da na fitilun suka fara ƙona tsiron wiwi biyu da ya shuka. Ba a daɗe ba suka farfaɗo.

Wata safiya ya duba gado bai ga matar ba, ya fita nemanta. A can ƙasa ya same ta, zaune a benci, ta lulluɓa da zane, idonta a lumshe.

"Maman yara, ai ganyen bai nuna ba tukuna. Ƙara haƙuri."

"Ba don shi na sauko ba, maigida. Zauna ka ji. Sanyin nan da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ai gonar dankalin babana ce a Bokkos, ranar da ka zo wai sayen iri."

Ya zauna kusa da ita. "Ko ƙwaya ɗaya ban saya ba," ya ce.

Ta yi dariyar da ya daɗe bai ji ba.