Kocin da Bai Taɓa Canza Gola Ba

Ga wani misali, ka riƙe shi da kyau. An yi wani koci da ya faro daga filin makarantar firamare, inda ake ajiye duwatsu biyu a ce raga ce, ya yi ta hawa har aka damƙa masa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Mutum ne mai ƙoƙari, ba a raba shi da wannan, sai dai yana da tsoro guda: kada a ci shi, ko da a wasan sada zumunta ne. Ya samu wani gola dogo mai tafin hannu kamar faifai, wanda duk ƙwallon da aka ɗago sai ya fito ya cafke ta kafin ta sauko. Tun daga ranar kocin bai ƙara sa wani a raga ba. Shekara bakwai, babban wasa da ƙarami, dogon nan ne. Akwai gola na biyu, duk shekara a ɗinka masa riga, a sa shi a jirgi ya zaga ƙasashe, ya dawo safar hannunsa ko datti babu. Ko a atisaye ba a taɓa tsayar da shi bayan manyan 'yan baya ba. Mataimakin kocin ya sha cewa, "Maigida, a ba bawan Allahn nan ko rabin lokaci mana." Sai kocin ya ce, "Bari sai wasa na gaba." Shi a ganinsa, tukunyar da ba ta yoyo me zai sa a taɓa ta?

Ana nan sai ga wasan ƙarshe na neman gurbi a gasar nahiya. Hukumar ƙwallo ta faɗa masa ƙiri-ƙiri: in an tsallake kujerarsa na nan, in an faɗi ya tattara ya-nasa-ya-nasa. Canjaras ma ya ishe su. Da safiyar ranar dogon ya zame a banɗakin otal, wuyan hannunsa ya goce. Kocin ya kira na biyun, wanda furfura ta tarar da shi a kan benci, ya zaunar da shi awa guda yana ɗura masa karatun shekara bakwai. Mutumin kuwa bai ba da kunya ba, ya tare abin da ya tare. Saura minti huɗu a tashi, ba wanda ya ci wani, aka ɗago wata ƙwallo mara ƙarfi, irin wadda dogon ke kamawa yana hamma. 'Yan baya suka tsaya cak kamar yadda suka saba, suna jiran gola ya fito. Shi kuma tun tasowarsa ba ya barin layi, yana jiran su sa kai su fitar. Ba wanda ya san halin wani. Ƙwallo ta faɗo tsakaninsu, wani daga cikin abokan hamayya ya sa ƙafa ya tura ta raga.

Kocin na tsaye bakin fili har aka tashi, bai zagi kowa ba, don ya san wanda ya shuka abin da aka girbe. Washegari a rediyon mota ya ji an sallame shi, aikin shekara talatin ya ƙare a kan ƙwallo guda. Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.