Idwal Mai Lamba Tara

Idwal Prothero ya zaro ƙwallon daga ƙarƙashin ƙafafun ƙartin da ke turereniya, ya cilla ta hagu kafin kowa ya ɗago kai. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka a wasan ƙwallon zari-ruga, da lamba tara a bayan rigarsa. Guntu ne, a kafaɗar abokan wasansa yake tsayawa, amma duk ƙasar Wales babu mai saurin hannunsa.

An san masu lamba tara da tsokana da saurin fushi. Shi ma yana da baki, sai dai zagi ba ya kama shi. A filin wasa na Cardiff mutum dubu saba'in suka yi masa ihu, ko gezau. Alƙalan wasa na yaba ladabinsa: in suna magana, fuskarsu yake kallo har su gama. Sau biyu kacal aka taɓa hukunta shi, duka don ya ci gaba da gudu bayan an busa usur.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne sanin dabarar abokan hamayya. Su haɗa kai can nesa su yi ƙus-ƙus, sai su tarar da shi tsaye daidai inda ƙwallon zai faɗo.

Bayan wasan ƙarshe na bana, ƙungiyar da ya lallasa ta ce akwai mai fitar mata da sirri. Ba a sha wahalar nemo wanda ake zargi ba. Kyaftin ɗinsu, Emrys Cadwallader, shi ke auren yayar Idwal, kuma duk Lahadi tare suke cin gasasshen rago da dankali.

Kwamitin binciken zargin ya zauna ranar Talata da safe. Shugabar, Nesta Bevan, ta ce, "Emrys, in ba kai ba ne, ta yaya surukinka ke sanin shirinku?"

"Ban sani ba, ranki ya daɗe."

"Korarka za mu yi har abada. Ka gane?"

"Na gane."

Ta ɗauki biro ke nan Idwal ya shigo, ba wanda ya gayyace shi.

"Guntu, koma gida," in ji Emrys. "Ba ruwanka."

"Yi shiru, ƙaton banza." Ya dubi shugabar. "Ki fita, ki rufe ƙofar gilashin can, ki faɗi abin da kika ga dama."

Ta fita, ta yi magana, ta dawo.

"Kin ce wannan ɗan tsurut ɗin ya sa shayinki ya huce," in ji Idwal.

Ta ajiye biron. Ta zagaya ta bayan kujerarsa a hankali, tana tunani.

"Kenan leɓe kake karantawa. Wa ya koya maka?"

Idwal bai amsa ba. Idonsa na kan teburin.

"Prothero, da kai nake."

Emrys ya shafa fuska, ya yi ajiyar zuciya.

"Sai kin dawo ta gabansa, ranki ya daɗe. Tun da na take masa kai a wasansa na farko bai sake jin komai ba."