Jakar Keken Babanku

Ku zo nan ku zauna. Kai babba, kashe rediyon nan. Lukuman, Hassana, ku matso, ba zan ɗaga murya maƙwabta su ji ba. Maganar babanku ce da Kasali mai ɗinkin jaka, kuma kafin Juma'a nake so a kashe ta.

Shekarar da kuɗin Udoji ya fito, ƙarin albashin nan da gwamnati ta yi wa ma'aikata, kowa a Anguwan Rogo ya sayi abin nunawa. Babanku ya sayo keke Rali baƙi wul, da ƙararrawa da fitila da madubi har biyu. Duk kuna wajen aikinku a Kaduna, ba ku ga gatan da keken nan ya samu ba. Kullum da safe sai an goge shi kafin a sha koko. Sannan ya fita yana turawa, wai rashin tarbiyya ne mutum ya wuce dattawan layi yana kan sirdi. Dattawa suka yi ta sa masa albarka.

To mai keke ba ya rasa kaya. Ga kwanon abincin rana, ga rigar ruwa don saman Jos ba ta da alkawari, ga famfo da tocila da ƙullin goro. Da ɗankwalina yake ɗaure su, har na ce ya ba ni abina ya nemi jaka.

Sai ya tafi Nasarawa Gwom wajen Kasali, Bayaraben nan da duk masu keke ke zuwa gunsa, daga malaman makaranta har masu kawo madara daga Vom. Kasali ya ɗinka masa jakar fata ta ratayawa a kafaɗa. Ba a yi mako ba ya mayar da ita. Wai in yana tuƙi sai ta zamo gaba tana dukan gwiwarsa, saura ƙiris ta kayar da shi a gangaren hanyar Bauchi.

Kasali ya ba da haƙuri, ya ɗinka tagwaye na tamfol, masu zama a kan kariya, ƙarfen ɗora kayan nan na baya, ɗaya dama ɗaya hagu. Babanku ya dawo gida yana turo keke yana huci. Wai dunduniyarsa na bugun su, igiyar kuma na neman shiga wayoyin ƙafar baya.

Ta uku ƙarama ce, a gaba ake ɗaura ta tsakanin hannuwan keke. Ita ma wai tana rinjayar kan keken, in ya nufi dama sai ta ja shi hagu.

Da a gida ya bar ƙorafin, da da sauƙi. Amma duk wanda ya gamu da shi a hanya ya ce, "Malam, yau ma turawa ake?" sai ya tsaya ya jingine keke, ya zayyana masa laifin jakar Kasali dalla-dalla. Kun san babanku da iya tsara magana, ga shi yini yake a rumfar mai gyaran keke ranar Lahadi, babu sunan ƙarfen da bai haddace ba. Mutane suka ce ai in Malam ya kushe jaka, to ta kusu. Malaman makaranta suka koma sayen ta kanti. Masu madara suka bi su.

Ni kuwa ina gida ina kallo. Wahalar jakar nan har ta cinye masa takalma, sai kai su gyaran dunduniya ake yi.

Shekaranjiya sai ga Shakirat matar Kasali ta yi sallama, da goyo a bayanta. Ko tabarma ba ta yarda ta hau ba.

Ta ce, "Mama, me mijina ya yi wa oga? Jakan nan yana da kyau, wallahi yana da kyau. Kasali da kansa ya ɗaura shi ya je Bukuru ya dawo, ko motsi bai yi ba. Yanzu shago ba kowa, sai ƙuda."

Na ce, "Zauna ki sha ruwa, 'yar nan."

Ta ce, "Ba ruwa na zo sha ba, Mama. Saƙo na kawo."

Saƙon shi ne, Kasali ya ɗinka ta huɗu. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zai kawo ta, ya ɗaura da hannunsa, babanku ya hau ya tuƙa daga bakin masallaci zuwa ƙarshen layi a gaban jama'a. In jaka ta yi laifi, Kasali ya rantse zai rufe shago ya kwashe iyalinsa su koma Ogbomosho. In ba ta yi ba, Malam ya wanke shi da bakin da ya ɓata shi.

Da na faɗa wa babanku, sai ya gyara hula ya ce, "Ya kawo ta mana. Sai me?"

Tun daga lokacin, tuwo ba ya wuce masa. Jiya ya tashi da ciwon gwiwa, yana ɗingishi da ƙafar dama. Da la'asar ya manta ya koma ta hagu. Yau da safe ya miƙo mini bandeji wai in naɗe masa. Na ce a wace ƙafar? Ya ce in zaɓa. Na ajiye masa abinsa, na aika a kira ku.

Ni dai ba zan zuba ido yaron mutane ya rasa sana'arsa ba, ga mace ga goyo. Ba kuma zan so a yi wa mai furfura dariya a bakin masallaci ba, ko ba komai ubanku ne. Saboda haka ku yanke tsakaninku kafin ku tashi daga tabarmar nan. Ɗaya ya je ya roƙi Kasali ya ɗaga ranar. Ɗaya kuma, mai ƙarfin hannu da riƙon sirri, ya kai babanku can bayan duwatsun hanyar Vom inda ba wanda ya san shi, ya riƙe masa sirdi ya koya masa tuƙi, don tun ranar da ya sayo keken nan bai taɓa hawansa ba.