Wadan Itacen Mambila

Tunda ka ce hannunka na ƙaiƙayi ka gyara abin da aka bar maka amana, zauna ka ji wannan tukuna.

A kan tsaunin Mambila an yi wani mai lambu da ya samo ɗan itace a kurmin bayan ƙauyensu, irin masu siraran ganye kamar allura, da ba sa kaɗewa rani da damina. Shi wannan wada ne a cikin danginsa. Mai lambun ya dasa shi yana saurayi, har furfura ta cika masa kai itacen bai wuce ƙugunsa ba. Ba ya 'ya'ya, sai dai a yanki reshe a kafa cikin yashi a ƙarƙashin rumfa, a yi ta jira, da yawa su bushe, ɗaya ya kama. Da haka ya tara 'yan tukwanen dashe. Kurmin kuwa tuni aka cinna masa wuta don shanu su sami sabuwar ciyawa, irin bai rage ko'ina ba sai a lambun nan. Da ciwon ajali ya kama mutumin, ya kira ƙanensa ya ce, "Ga amana. Ruwa kaɗan, inuwa, sannan ka ƙyale su."

Ƙanen manomin masara ne, kuma a gonar masara gajarta yunwa ce, maganinta taki. Ba mugu ba ne, wallahi, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Duk wanda ya zo gaisuwar mutuwa sai ya leƙa lambun ya ce, "Wannan ne abin da marigayi ya ƙare rayuwarsa a kai? Ai ko ɗan akuya ya tsallake shi." Maganar ta yi ta cin sa. Ya ce ba za a yi wa yayansa dariya yana kabari ba. Da ruwan farko ya sauka, ya ɗauko takin zamanin da ya tanada don masara, ya zuba wa uwar itacen da hannu biyu, ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Ko guda bai bari ba, wai kada ya yi son kai a tsakanin marayu.

Kafin masara ta kai gwiwa, allurar ganyen ta fara ja daga baki. Ya ƙara ruwa, ta ƙara ja. Da ya tumɓuke dashe ɗaya ya duba, saiwar ta ƙone ƙurmus. Uwar ce ta mutu a ƙarshe, a tsaye, ganyenta zube a gindinta. Ya nufi tsohon kurmin neman wani irin, bai tarar da komai ba sai kututtura baƙaƙe da shanu suna kiwo. Ya dawo ya zauna a rumfar yayansa, tsakiyar tukwanen, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce garin neman gira a rasa ido.