Goro a Buhun Albasa

Kai da kake cewa ɗaurin kaya ɓata lokaci ne, wai abin da ke ciki shi ne kaya, gyara zama ka ji abin da wani falke ya jawo wa gidansu.

Mutumin nan albasa yake kaiwa Kurmi, can kudu inda goro yake, kuma ya iya sana'arsa, wannan kam ba a raba shi da ita. Aibinsa ɗaya ne: gani yake duk duniya so take ta cuce shi, shi kuma ya riga kowa farkawa. Da aka sa ranar auren ɗan yayansa, yayan ya naɗa shi wakilin ango, ya kuma ɗora masa sayo goron ɗaurin aure, tunda ga shi a kan hanya. Gidan amarya gidan dattawa ne da suka san goro. Yayan kuwa talaka ne mai gudun abin kunya, ba shi da abin da zai fita kunyar surukai da shi sai kyawun abin da zai ajiye a gabansu. Har bakin mota ya raka shi yana cewa, "Don Allah ƙanena, ka zaɓo wanda in an gani za a ce daga gidan mutunci ya fito."

Ya kuwa zaɓo, manya-manya, fari da ja, sai sheƙi suke yi. Matar da ta sayar masa ta shimfiɗa ɗanyen ganye a kwando, ta jera goro, ta lulluɓe, ta yayyafa ruwa, ta sake jerawa, ta sake lulluɓewa, sannan ta tamke da igiya. Ta ja masa kunne kada rana ta ga goron, kuma ya riƙa jiƙa ganyen a hanya. Shi kuwa yana tsaye ransa na tafasa. A ganinsa rabin kwandon ganye ne, ganyen da ko akuya ba za ta gode maka ba, an cusa ne kawai don kaya su yi kumburi. Yana fita bayan kasuwa ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya watsar da ganyen a kwata, ya juye goron cikin buhun da ya sauke albasa. Da ya ga buhun da sauran wuri, sai daɗi ya kama shi, ya koma ya ƙaro goro har ya cika shi taf, don a daɗe ana labarin ba a taɓa kai goro irin nasu ba. Ya ɗinke bakin buhun, ya wurga a bayan babbar mota, ya haye kai ya zauna.

To fisabilillahi, wannan wane irin wayo ne? Albasa da rigarta Allah ya halicce ta, ka jefa ta ko'ina ta kwana lafiya. Goro kuwa an riga an ɓare shi, tsirara yake, ganyen nan shi ne suturarsa, shi ke riƙe masa danshi, shi ke hana shi gogar ɗan'uwansa. Mutanen da suka gaji wannan ɗauri kaka da kakanni ba mahaukata ba ne. Amma mutum ɗaya, don ya iya albasa, ya yanke hukunci cewa duk wauta suke yi. Haka goron ya sha rana da busasshiyar iska tun daga Kurmi, mota na faɗawa rami tana fita, ga ƙato a zaune a kansa.

Sai da safiyar ɗaurin aure ya iso. Bai ko leƙa buhun ba, ya zura babbar riga, ya sa aka kinkima har ƙofar gidan amarya, aka farke a kan tabarma gaban liman da jama'a. Warin albasa ne ya fara fitowa. Goron ya yanƙwane, ya yi baƙi duk inda ya gurje. Waliyyin amarya ya ɗauki ɗaya ya sa farce zai ɓara, maimakon ya ce ƙas, sai ya lanƙwashe. Dattijon ya sunsuna, ya mayar a hankali, ya goge yatsunsa da bakin riga. Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. An ɗaura aure, don goro ba ya hana aure, amma aka shafa fatiha aka watse ba wanda ya miƙa hannu, har maroƙi ya rasa abin da zai yaba. Yayan yana gefe kansa a sunkuye, dattijo da furfurarsa, hawaye na bin gemunsa. Shi da bai yanke igiya ba, bai zubar da ganye ba, shi aka bari da kunyar, don har yau in za a yi kwatancen gidansa cewa ake yi gidan masu goron albasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, falken nan ko a wurin bai ga laifinsa ba. Yana kakkaɓe riga yana faɗa wa duk mai saurare cewa matar Kurmi ce ta sayar masa da mugun goro. Goron da aka ba shi lafiyayye ne, a cikin suturarsa, ya isa ya fitar da gidansu kunya. Shi ne ya raina suturar don ya ƙara yawa, ya tashi ba yawan ba kyan. Gaskiyar Hausawa da suka ce garin neman ƙiba aka samo rama.