Esin Alhaji Ma'aruf Ya Sake Mutuwa

"Karo na huɗu ke nan, Sada!" Alhaji Ma'aruf ya daka tsawa yana fifita da hularsa. "Esin falona ya sake mutuwa. Ka kasa ɗaya, ta yaya zan ba ka talatin na sabon otal ɗina na hanyar Zango?"

Shekara biyu Sada ya yi yana koyon gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, amma wannan ya gagare shi. Ya auna gas, lafiya lau. Ya bi wayoyi, lafiya lau. Amma da zarar ya bar gidan, sai injin ya ɗau zafi ya mutu.

A wannan karon da ya gama gyara, sai ya yi kamar ya tafi, ya laɓe bayan tankin ruwa, ya zuba wa injin esin da ke waje ido.

Can sai ga Hajiya Inna, mahaifiyar Alhaji, tana dogara sanda. Ta ajiye faifan yankakkiyar kuɓewa a bakin injin, ta lulluɓe faifan da injin gaba ɗaya da bargo.

"Hajiya! Ashe ke ce ke kashe shi?"

"Wane kisa, ɗan nan? Damina ce, babu rana. Iskar nan mai zafi, kafin la'asar ta busar min da kuɓewa ƙayau."

A ranar Sada ya bayyana wa Alhaji dalilin, ya samu aikin otal. Washegari mata tara suka yi layi a ƙofar shagonsa, Hajiya a gaba.

"Irin na wajen muke so," ta ce. "Na cikin, mai sanyin banzan nan, ka bar wa Alhaji."