Filin Baba Tukuna

Tun da hantsi Baba Tukuna yake zagaya sabon gidan da tarin makullai a hannu. Ya buɗe falo, ya tuɓe takalmi kafin ya taka tayil, ya murɗa famfon kicin ya ga ko yana ɗiga. A matakalar bene ya tarar mai fenti ya bar bokiti a buɗe, ya yi masa faɗa. Mai fenti ya ce to, ko kai bai ɗago ba.

Yau iyalinsa za su tare, in dai uwargida ta yarda ta sauko daga mota. Jiya ta rantse ƙafarta ba za ta taka wannan fili ba, gara ta tafi gidan 'yarsu ta ƙarasa tsufanta a can. Shekara talatin da ɗaya suna tare, bai taɓa jin ta yi rantsuwa ba sai jiya, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Ba wanda zai ga laifinta. Shekara goma sha huɗu ke nan da dillali ya fara kawo su wurin nan. Lokacin Baba yana kula da sito a masaƙa, albashi na shigowa, wurin kuwa ba kowa sai ciyawa da awaki. Kuɗin suna hannunsa. Uwargida har ta nuna inda za a haƙa rijiya. Shi kuwa ya auna filin da taku, tsawo da faɗi, ya karkata kai ya ce a bari tukuna, mai filin a matse yake, zai rage.

Bai rage ba. Da aka jawo wutar lantarki farashi ya ɗaga, Baba ya ce ɗoki ne kawai, zai lafa. Da aka shimfiɗa kwalta ya ce a jira bayan damina. Bayan damina ya ce a ga yadda kasuwa za ta kaya. Mutum ne mai wayo, ba ƙarya, sai dai wayon ya yi masa yawa. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, har 'ya'yansa suka ɗauka.

A tsakanin nan sau bakwai suna tashi daga gidan haya. Kowane tashi sai an yi asarar wani abu: madubin sif, ƙafar gado, maƙwabtan kirki. Masaƙa ta rufe. Kuɗin da a da za su sayi filin gaba ɗaya suka koma ko kusurwarsa ba sa saye. Amma Baba bai daina zuwa ba, ya tsaya bakin titi yana kallon wurin kamar mai duba mara lafiya.

Dillalin nan dai, da ya gaji da ganinsa, shi ya yi masa hanya a ƙarshe. Aka zauna, aka yi magana, Baba ya sa hannu a takarda ba tare da ya ce tukuna ba. Daga tushe har rufi yana nan. Ba buhun simintin da ya shigo bai ƙirga ba, kuma wata tara a wurin yake kwana.

Wajen azahar motar kaya ta tsaya a bakin get. Uwargida na gaba kusa da direba, jakarta a cinya. Ta daɗe tana kallon benen.

"Maman yara, sauko mana. Rana na dukan ki."

"Malam, ni ba fushi nake ba. Gajiya ce."

"Na sani. Ni ma na gaji."

"Da ka ji maganata tun wancan lokacin..."

"Da na ji," ya ce. Bai taɓa amsa mata haka ba. "Amma yanzu ba haya, ba mai buga mana ƙofa ƙarshen wata. Kar ki bar ni a nan ni kaɗai."

Direba ya kashe mota ya kau da kai. Uwargida ta share ido da gefen mayafi, ta miƙo jakar, sannan ta sauko a hankali saboda gwiwa. Baba ya wuce gaba da jakar.

Masu sauke kaya ba su sha wahala ba, nan da nan suka gama. Sif ne kawai ya ƙi shiga ɗan ɗakin da ke kusa da get, aka jingine shi da katanga. Uwargida ta nemi tsintsiya, Baba ya zauna a benci yana tunanin inda za su rataye labule.

Sai aka danna hon sau biyu a waje. Baba Tukuna ya zabura, ya gyara rigar aikinsa ta gadi, ya ruga ya buɗe wa mai gidan get yana cewa, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."